Yadda sabon malamin JHS zai tafiyar da yininsa a zangon Kumasi

Wanda ya gama kwalejin horon malamai, ya ci jarrabawar lasisin koyarwa da hukumar kula da malamai ta Ghana, NTC, ta fara shiryawa a 2018, ya yi shekararsa ta bautar ƙasa, sannan hukumar ilimi ta GES ta tura shi wata ƙaramar sakandare, wato JHS, a Aboabo ko Asawase ko Sawaba, yakan zo da ilimin darasinsa a kai, amma ba lallai ne ya zo da sanin yadda ake tafiyar da yini guda a makaranta ba. Wannan sanin kuwa shi ne yake raba malamin da zai zauna da gindinsa da wanda zai gaji kafin zangon karatu na farko ya ƙare. Abin da nake so sabon malami ya riƙe shi ne, yaron da ke zaune a gabansa yana da yini mai faɗi wanda aji wani yanki ne kawai a cikinsa, kuma duk tsarin da malam zai yi wa kansa, in bai yi la'akari da wannan yinin ba, ba zai je ko'ina ba.

Kafin maganar aji, ka fara gyara takardunka. Ka kai takardar turawarka ofishin ilimi na gunduma, ka tabbatar hedimasta ya sa hannu a takardar kama aiki da ranar da ka fara, ka haɗa katin ɗan ƙasa da lambar SSNIT, wato hukumar fansho, da bayanin asusun banki, ka yi hoton kowace takarda ka ajiye a jaka ɗaya. Albashi ba ya fara sauka sai an ba ka lambar ma'aikaci, kuma sabon malami kan yi watanni yana jira, don haka kada ka ɗauki nauyin da ya dogara da kuɗin da ba su shigo ba. Dokar haya ta 1963 ba ta yarda mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba ba, amma kowa ya san a Kumasi ana neman na shekara ɗaya ko biyu. In kana da dangi a zango, ka zauna da su tukuna. In kuwa dole ne ka kama ɗaki, ka zaɓi wanda za ka iya takowa daga gare shi zuwa makaranta da ƙafa, ko da ya fi na nesa tsada kaɗan, domin kuɗin tirotiro (bas ɗin haya) da faragiya (keke mai ƙafa uku) na kowace safiya, da cunkoson hanyar Kejetia, za su cinye bambancin su ƙara da lokacinka.

Yinin malami yana farawa ne daga sallar asuba. Kada ka koma barci. Ka karya da abin da zai riƙe ka, koko da ƙosai ko wake da shinkafa, domin za ka iya tsayuwa har hantsi ba ka zauna ba. Ka isa makaranta kafin ƙarfe bakwai, ka sa hannu a littafin zuwan malamai da ainihin lokacin da ka zo, ka zagaya ka ga yara suna shara. Wannan rabin sa'ar ta kafin a buga ƙararrawar layi tana da amfanin da sababbin malamai ba sa lura da shi: a nan za ka ga wanda ya zo da ƙanensa a hannu ya kai shi firamare, da wadda idonta ya yi ja saboda rashin barci, da wanda yake ɓoye takalminsa da ya yage. Bayan an rera taken ƙasa an yi alƙawarin biyayya, ka shiga ajinka ka kira rajista da bakinka, kana ɗaga kai kana kallon fuskar mai amsawa. Kada ka ba shugaban aji wannan aikin. Cikin mako biyu ya kamata ka iya kiran kowane yaro da sunansa, kuma a ajin da ke da Abdullahi uku da Fati huɗu, ka nemi sunan mahaifi ko sunan da ake kiran kowa da shi a gida. Makon da aikin duba makaranta ya zagayo kanka, kai ne farkon zuwa kuma kai ne ƙarshen tafiya.

Shirin darasi shi ne ƙashin bayan mako. Manhajar da hukumar NaCCA ta tsara wa aji bakwai zuwa tara, wato azuzuwa uku na JHS, ta raba kowane darasi gida uku, wato buɗewa da gundarin koyarwa da waiwaye, kuma ta nuna abin da ake so yaro ya iya yi a ƙarshen kowane mataki. Ka rubuta shirin makon gaba ranar Asabar da safe, hankalinka a kwance, ka miƙa wa hedimasta ranar Litinin ya duba ya sa hannu, domin jami'in da ke zagaya makarantu daga ofishin gunduma zai nemi ganinsa in ya zo. Za ka tarar ana yawo da shirye-shiryen da aka riga aka rubuta a zaurukan WhatsApp na malamai. Ba laifi ba ne ka duba su, amma kwafe su kai tsaye cutar kai ne, saboda wanda ya rubuta su bai san ajinka ba.

Ga abin da nake nufi. A ce lissafi kake koyarwa, kuma maganar riba da kashi cikin ɗari ce. Littafi zai kawo maka misalin wani ɗan kasuwa da ya sayi kaya ya sayar, yara su yi shiru suna kallon allo. Amma a layin baya akwai yarinyar da take tallar ruwan leda bayan an tashi, wadda ta san jaka ɗaya leda 30 ce, ta san nawa ake sarowa, nawa ƙanƙara ke ci, da nawa ke saura in leda biyu suka fashe. Ka ce mata, “Hawa, zo ki nuna mana yadda kike lissafa abin da za ki kai wa Mma da yamma.” Za ta yi lissafin da ka a gabanka cikin ƙiftawar ido. Aikinka shi ne ka ɗauki abin da ta faɗa ka rubuta a allo da alamomin littafi, har ita da sauran su gane cewa abin da ake kira kashi cikin ɗari abu ne da suke yi kullum. Yarinyar da aka daɗe ana cewa ba ta ja, ranar za ta zauna da wata irin fuska, kuma washegari za ta ɗaga hannu.

Sai batun harshe, wanda yake da nauyi a zango. Turanci ne harshen koyarwa da na jarrabawa. Yaranka suna jin Hausa a gida, suna jin Tuwi a titi da kasuwa, kuma darasin harshen gida da za su rubuta a Kumasi na Asante Tuwi ne, domin Hausa ba ta cikin harsuna 11 da ake koyarwa a makarantun gwamnati. In ka ga bayani ya ƙi shiga, ka fassara shi da Hausa a taƙaice ka koma Turanci, amma ka tuna ajin zango ba na Hausawa kaɗai ba ne; akwai Dagomba da Mosi da Farafara da Asante, kuma ba kowa ne zai bi ka ba. A makonka na farko ka ware lokaci ka sa kowane yaro ya karanta maka layi uku a gefe, ba a gaban aji ba. Za ka sami waɗanda suka kai aji bakwai ba su iya haɗa baƙi ba, sun rayu ne da kwafe daga allo. Ka rubuta sunayensu a littafinka na sirri, ka nemi minti ashirin a lokacin hutu ko bayan tashi, da sanin hedimasta da iyaye, ka koma da su kan sautin haruffa. Wannan aikin ba ya cikin manhaja, kuma a ganina ya fi rabin abin da ke cikinta muhimmanci.

Game da horo, GES ta hana dukan ɗalibai tun 2017, kuma a 2019 ta raba wa makarantu jagorar ladabtarwa ba da bulala ba. Za ka ji wasu tsofaffin malamai, har da wasu iyaye, suna cewa yaran yanzu ba sa ji sai da sanda. Ka saurare su da ladabi, amma kada ka ɗauki sandar, domin aikinka da lasisinka ne za su shiga haɗari, kuma tsoro ba ya koyar da karatu. Ka kafa ƙa'idoji kaɗan tare da yaran a ranar farko, ka rubuta su a bango, ka tsaya a kansu ba tare da bambanci ba, ko da ɗan limamin unguwa ne ya karya. Mai surutu ka matso da shi gaba, wanda ya ɓata wuri ya gyara, wanda ya maimaita laifi a rubuta a kira iyaye. Kada ka zagi uwar yaro ko ƙabilarsa, kuma kada ka yi masa tsawa a gaban ƴan mata in kana iya kiransa gefe, domin ɗan shekara goma sha huɗu yana iya manta hukunci amma ba ya manta kunyatarwa.

Kafin ka hukunta mai makara ko mai gyangyaɗi, ka tambayi yadda safiyarsa ta kasance. Da yawa sun je makarantar allo bayan asuba, za su koma da yamma, Asabar da Lahadi ma suna can. Wasu sun ɗebo ruwa, wasu sun taya uwa suyar ƙosai, kuma lokacin damina, in rafin Aboabo ya cika, akwai gidajen da ake kwana ana kwalfar ruwa. Wannan ba hujjar barin yaro ya yi ta makara ba ce, hanya ce ta sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. In yaro ya yi kwana uku bai zo ba, ka je gidansu bayan la'asar. Ka yi sallama, ka gaisa sosai, ka tambayi gida da kasuwa, sannan ka ce, “Baba, ba ƙara na kawo ba. Yaronku yana da kai, shi ya sa rashin ganinsa ya dame ni.” Uban da ya saba a kira shi makaranta don a faɗa masa laifin ɗansa, in ya ji wannan, zai buɗe maka abin da ke ƙasa. Jinga da yawa kuma ba ta da amfani ga yaron da ba shi da lokaci ko fitila. Ka ba da tambaya biyar da za ka duba, maimakon ashirin da za a kwafe a bakin ƙofa da safe.

Da ƴan mata ka kiyaye iyaka sosai. Kada ka keɓe da ɗaliba a ɗakin da ƙofarsa ke rufe, kada ka aike ta ɗakinka da sunan wanki ko girki, kada ka yi hira da ita a waya da dare. In ka lura wata tana ɓacewa ƴan kwanaki kowane wata, ka sanar da malama mace ta yi magana da ita. In kuma ƙaddarar ciki ta faɗa wa wata, ka sani ƙa'idar GES ta 2018 ta ba ta damar ci gaba da karatu da dawowa bayan haihuwa, kuma sau da yawa malamin aji ne kaɗai zai faɗa wa iyaye haka.

A makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987, za ka raba jadawali da malaman Arabiyya. Ka girmama su, kada ka ci lokacinsu, ka nemi shawararsu, domin sukan san gidajen yaran fiye da kowa, kuma tun 2024 Larabci yana cikin darussan da ake iya rubutawa a BECE, wato jarrabawar gama JHS. In makarantar mishan aka kai ka, ka yi magana da hedimasta tun da wuri kan sallar Juma'a. Da azumi kuwa ka jawo darussa masu nauyi zuwa safiya.

Lokacin da ba ka da aji, kada hirar ɗakin malamai ta cinye shi duka. Ka yi makin littattafai a nan take, ka shigar da maki a rajistar gwaji a ranar, domin makin aji yana shiga sakamakon zangon karatu, wani kasonsa kuma yana bin yaro har BECE. Ka halarci zaman da malamai ke yi kowane mako don koyo daga juna, ka zaɓi tsohon malami ɗaya da yara ke girmamawa ba don tsoro ba, ka roƙe shi ya bar ka ka zauna a bayan ajinsa. Ka ajiye shaidar duk bitar da ka halarta saboda sabunta lasisi. Ƙungiyoyin malamai irin su GNAT da NAGRAT za su neme ka. Ka karanta takarda kafin ka sa hannu, haka ma takardun masu ba da bashi da kayan biya sannu-sannu, waɗanda ke cire kuɗinsu daga albashi kafin ya iso hannunka.

In an ba ka ƴan aji tara, ka fahimci yadda ake lissafin BECE tun farkon shekara. Hukumar WAEC ce ke shirya ta, ana ba da daraja daga 1 zuwa 9, kuma ana haɗa Turanci da lissafi da kimiyya da nazarin zamantakewa da wasu darussa biyu da yaro ya fi ƙoƙari a kansu, ta yadda jimilla 6 ita ce mafi kyau. Tun 2005 na'ura ce ke rarraba yara zuwa manyan sakandare bisa zaɓinsu da sakamakonsu, kuma tun 2017 karatun can kyauta ne. Lokacin cike takardar zaɓi, kowane uba zai so a rubuta fitattun makarantu irin su Prempeh ko Opoku Ware ko Yaa Asantewaa. Ka zauna da iyayen ɗaya bayan ɗaya, ka nuna musu makin gwajin ɗansu, ka bayyana musu rukunin makarantu da darussan da kowace ke bayarwa, har da na fasaha da sana'a, ka tabbatar a cikin zaɓin akwai makarantar da makin yaron zai iya kai shi, kuma kada a miƙa takardar sai uba ko uwa sun ji an karanta musu abin da aka rubuta sun sa hannu.