Darasi: Yin Yogot a Gida da Na'urar Lantarki

Yogot madara ce da aka bari ta yi tsami da gangan, cikin tsabta, a kan ɗumin da bai wuce kima ba. Kayan haɗinsa biyu ne kacal: madara da iri. Iri shi ne ɗan yogot da aka riga aka yi, wanda za a zuba a cikin sabuwar madara don ya juya ta. Na'urar yin yogot kuwa aiki ɗaya take yi, wato riƙe ɗumi na tsawon awanni ba tare da ya hau ko ya sauka ba. Ba ta dafa madara, ba ta wanke kwalba, ba ta gyara irin da ya mutu. Duk waɗannan suna hannunku. Wanda ya gane haka tun farko ba zai riƙa ɗora wa na'urarsa laifin da ba nata ba.

Abin da ke faruwa a cikin madara

A cikin iri akwai wasu ƙananan halittu masu rai waɗanda ido ba ya gani. Ana kiran su bakteriya. Kada sunan ya tsorata ku, don ba kowace bakteriya ce ke kawo cuta ba, wasu amfani suke yi mana. Bakteriya nau'i biyu ne ke yin yogot, kuma za ku iya ganin sunayensu a jikin robar yogot da ake sayarwa: Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus. Ta farkon, wani ɗan ƙasar Bulgeriya mai suna Stamen Grigorov ne ya gano ta a shekarar 1905, lokacin yana karatun likita a birnin Janiba.

Madara tana da nata sukari na halitta, shi ya sa take da ɗan gardi ko ba a sa mata komai ba. Wannan sukarin shi ne abincin bakteriyar. Suna ci suna hayayyafa, suna fitar da tsami. Da tsamin ya taru ya kai wani mataki, sai furotin da ke cikin madara ya harhaɗe, madarar ta daskare ta yi kauri. Wannan shi ne yogot. Tunda kuwa bakteriyar sun cinye wani kaso na sukarin, mutane da yawa da madara ke kumbura wa ciki sukan sha yogot lafiya lau.

Abin da ya fi muhimmanci a sani game da waɗannan halittu shi ne son ɗumi. Sun fi aiki tsakanin digiri 40 zuwa 45 a ma'aunin Selshiyos. Jikin mutum mai lafiya yana kan digiri 37, ke nan abin da suke so ya ɗara ɗumin jiki kaɗan. Idan sanyi ya yi yawa sai su yi sanyin jiki, madara ta kwana ba ta kama ba. Idan zafi ya haura digiri 50 sai su fara mutuwa. Riƙe madara a wannan ɗan tsakanin har awa takwas ba abu ne mai sauƙi ba, kuma dalilin ƙera na'urar ke nan.

Na'urar da kayan aiki

Na'urar tana da gindi mai ɗumama idan an sa ta a wuta, da babban murfi. Wasu suna zuwa da ƙananan kwalabe, sau da yawa guda 7, waɗanda gaba ɗaya suke ɗaukar kimanin lita 1. Wasu kuma mazubi ɗaya ne babba. Akwai masu agogo da ke kashe kansu idan lokaci ya cika, akwai waɗanda sai kun kashe da kanku. Wutar da take ci kaɗan ce ƙwarai. Ku karanta takardar bayanin da ta zo da ita, ko ku sa a karanta muku, domin kowace na'ura da ɗan bambancinta.

Ban da ita kuna buƙatar tukunya mai kaurin gindi, da cokali, da ƙaramin kwano, da ma'aunin zafi na girki idan da hali. A ganina ma'aunin nan ya cancanci a nema. Yawancin yogot da ke lalacewa a hannun sabon mai koyo, a wajen kintatar zafi ake yin kuskuren.

Kafin ku taɓa madara, ku wanke hannu da sabulu. Ku wanke kwalabe da murafensu da cokali, ku ɗauraye sosai har ƙamshin sabulu ya fita, sannan ku kwarara musu tafasasshen ruwa, ku kife su su tsane da kansu. Kada ku goge cikinsu da tsumman kicin. Dalili shi ne, ɗumin da bakteriyar yogot ke so, shi ne dai wanda ƙwayoyin cuta ke so. Duk abin da ya shiga kwalbar zai samu awa takwas yana hayayyafa.

Dafa madara

Ku auna lita 1 ta madara. Madara mai cikakken mai ita ta fi ba da kauri da daɗi. Idan madarar gari ce, ku dama ta da ruwa mai tsabta bisa awon da ke jikin gwangwanin ko ledar, ku murje gudaji. Mai son kauri sosai yana iya ƙara babban cokali 2 ko 3 na garin a kan kowace lita.

Ku ɗora a wuta matsakaiciya, kuna juyawa don kada ta kama a gindin tukunya. Madarar da ta kama takan ba yogot warin ƙauri wanda ba ya fita. Ku bar ta ta kai digiri 85. Idan babu ma'auni, ku lura da gefen tukunya: za ku ga ƙananan kumfa sun jeru a zagaye, tururi yana tashi sosai, saman madarar yana ɗan rawa amma bai fara ɓulɓula ba. A nan ne za ku rage wuta, ku bar ta haka kamar minti 10 kuna motsawa jefi-jefi.

Wannan dafawar tana da amfani biyu. Tana kashe ƙwayoyin da za su yi gasa da irinku. Tana kuma sauya furotin madara yadda zai riƙe ruwa da kyau, shi ya sa yogot ɗin dafaffiyar madara ya fi kauri, kuma ba ya saurin tsinkewa. Idan ɗanyar madara ce da aka tatso, dafawa dole ce, ku ma bar ta ta tafasa, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da cututtuka irin su tarin fuka da bakkale. Madarar kwali da kamfani ya riga ya dafa da zafi mai tsanani, wadda aka rubuta UHT a jikinta, ita kam za a iya ɗumama ta zuwa digiri 43 a wuce wannan mataki.

Hucewa da zuba iri

A nan ake son haƙuri. Ku sauke tukunyar ku bar madarar ta huce zuwa digiri 43 ko 45. Idan kuna sauri, ku tsoma gindin tukunyar a cikin roba mai ruwan sanyi kuna juyawa. Marar ma'auni sai ya ɗiga kaɗan a cikin wuyan hannunsa. Ya kamata ya ji ɗumi sosai, amma ba ƙuna ba. In kuna shakka, gara ta ɗan fi sanyi, domin na'ura za ta ɗaga ɗumin, amma irin da zafi ya kashe ba ya dawowa. Yanar da ta taru a sama ku kwashe ta da cokali, in ba haka ba za ta bar ɗan dunƙule-dunƙule a cikin yogot.

Yanzu sai iri. Ku nemi yogot sabo, marar sukari, marar kala ko ɗanɗanon 'ya'yan itace, wanda aka nuna a jikinsa cewa yana da bakteriya masu rai. Ku duba ranar ƙarewar wa'adinsa. Wasu yogot ɗin an sake dafa su bayan an yi, don su daɗe a kan kanta ba firij. Waɗannan ba sa zama iri, komai yawan da kuka zuba. Akwai kuma busasshen iri na gari da ake sayarwa a ƙananan fakiti, shi ma yana aiki, sai a bi awon da ke jikinsa.

Babban cokali 2 ya ishi lita 1. Mutane da yawa suna zaton ƙara iri yana ƙara kauri. Ba haka ba ne. Idan ya yi yawa, tsami yana tasowa da gaggawa, yogot ya fito da tsaki-tsaki yana zubar da ruwa. Ku sa irin a ƙaramin kwano, ku zuba masa ɗan ɗumammiyar madara, ku dama har ya saki babu gudaji, sannan ku juye cikin tukunyar ku motsa a hankali ko'ina ya samu.

A cikin na'ura

Ku zuba a kwalabe, ku bar ɗan fili a sama, ku goge abin da ya zuba a jikinsu. A na'urori da yawa ana jera kwalaben ne ba murafensu, a rufe da babban murfin kawai, sai an gama a rufe kowace. Wasu kuma da murfi ake sa su. Takardar na'urarku ce za ta raba gardama.

Ku ajiye na'urar a wuri mai daidai, inda ba za a ture ta ba, nesa da yara. Kada ku ɗora ta a kan firij ko kusa da wani inji mai girgiza. Ku kunna, ku duba agogo, ku rubuta lokacin a takarda. Daga nan sai ku ƙyale ta. Madarar da ke daskarewa kamar danƙaren siminti ne da bai bushe ba, idan aka motsa shi ba ya komawa yadda yake. Kada a juya, kada a girgiza, kada a yi ta buɗe murfi ana leƙawa.

Awa 6 zuwa 8 sun isa ga mai son tsami kaɗan. Mai son ya ji tsami sosai yana iya kaiwa awa 10 ko 12. Alamar ya yi ita ce, idan kun ɗan karkata kwalba za ku ga ya tsaya cak, ko ya janye daga jikin kwalbar gaba ɗaya a dunƙule. Lokacin buɗewa ku ɗaga babban murfin a hankali, don ruwan gumin da ya taru a cikinsa kada ya ɗiga a kan yogot.

Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, kada ku buɗe. Ku cire filogi, ku lulluɓe na'urar da tawul mai kauri don ta riƙe ɗuminta. Da wuta ta dawo sai ku yaye tawul ɗin, ku sake kunnawa, ku ƙara mata lokacin da ta rasa. Amma madarar da ta yi awanni da yawa a sanyaye ba ta kama ba, ba ta kuma yi tsami ba, kada a sha ta, kada a ba yara.

Yogot da ya fito daga na'ura bai gama ba tukuna. Ku rufe kwalaben ku sa a firij aƙalla awa 4. Sanyi ne ke tsayar da tsamin, shi ne kuma ke ƙarasa kaurin. A firij mai sanyin digiri 4 yana iya kaiwa mako ɗaya zuwa biyu. Sukari, zuma ko 'ya'yan itace, sai lokacin sha ake sawa. Jaririn da bai cika shekara 1 ba, ba a ba shi zuma ko kaɗan. Kafin kowa ya sa cokali, ku ware babban cokali 2 a kwalba mai tsabta, shi ne irin gobe. Ku yi amfani da shi cikin mako guda. Bayan an juya shi sau da yawa za ku ga ƙarfinsa ya ragu, sai ku sake sabo.

Idan bai yi daidai ba

Ruwa mai ɗan rawaya da ke taruwa a saman yogot ba lalacewa ba ne. Daga madarar yake, kuma ana shan sa. Ku juya shi ciki ko ku tsiyaye. Idan ya yi yawa, to an daɗe a na'ura, ko an girgiza, ko iri ya yi yawa. Mai son yogot mai kauri ƙwarai ma da gangan yake fitar da ruwan: ya shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan mataci, ya juye yogot, ya sa kwano a ƙasa, ya bar shi a firij awa 2 zuwa 4.

Idan kuwa bai kama ba sam, ku tambayi kanku abu uku. Madarar ta huce kafin a zuba iri? Irin yana da rai? Na'urar ta yi ɗumi kuwa? Kuna iya gwada ta da ruwa: ku cika kwalba da ruwan ɗumi, ku kunna awa 2, ku auna. Akwai kuma wani dalili da ba kowa ya sani ba. Dabbar da ake yi wa allurar maganin kashe ƙwayoyin cuta, maganin yana fitowa a madararta, ya kashe irin. Irin wannan madara ba ta yin yogot, kuma bai kamata a sha ta ba.

Yogot mai kyau yana da ƙamshin tsami mai daɗi. Idan kun ji ɗoyi, ko kun ga fumfuna, ko wani launi ja-ja ko kore a samansa, ku zubar da kwalbar duka. Kwashe saman kawai ba ya wadatarwa.

Gindin na'urar ba a tsoma shi a ruwa. Ku cire filogi da busasshen hannu, ku bari ya huce, ku goge da ɗanyen ƙyalle. Idan wayar ta ɓare ko ta tsage, kada ku sake kunnawa sai mai gyara ya duba.

Aikin gida

Ku rubuta amsoshin nan a littafinku, ku zo da su aji. Idan kun kunna na'ura ƙarfe 10 na dare, kuna son yogot na awa 8, ƙarfe nawa za ku kashe? Idan lita 1 tana cin babban cokali 2 na iri, cokali nawa lita 3 za ta ci? A kan digiri nawa ake zuba iri, kuma me zai faru idan aka zuba a digiri 70? Daga ƙarshe ku ɗauki robar yogot ɗaya, ku nemo ranar ƙarewar wa'adinta da sunayen bakteriyar da ke ciki, ku kwafe su harafi bayan harafi.