Yadda Ake Auna Motsin Sarƙoƙin Leda da Na'urar NMR

Ɗalibai nawa na gani a nan Kumasi sun yanko ledar fiya wata, sun jefa a na'urar NMR (mai amfani da maganadisu da bugun rediyo ta saurari haidirojin da ke cikin abu), sun dawo suna murna wai duk polima ɗin, wato dogayen sarƙoƙin sinadarin da suka yi ledar, laushi ce. Ba laushi ba ce, rabin labarin ne ya wuce su.

Ba sai babbar na'ura mai cin hiliyam ba. Ƙaramar ta kan tebur mai megahaz 20 ta isa, kuma ita aljihu zai iya ɗauka. Ka yanka ledar ƙanana, ka shanya ta sosai, domin danshin garin nan kaɗai yana ba da siginar haidirojin ta ƙarya. Ka cusa a kwalba mai faɗin milimita 10, tsawon samfurin kada ya wuce santimita 1. Wanda ya cika kwalba ni ba na duba sakamakonsa.

To ga inda ake faɗuwa. Poliyetilin, wato polimar da aka yi ledar da ita, gida biyu ce: inda sarƙoƙi suka jeru suka ƙame, da inda suke a warwatse suna mutsu-mutsu. Bayan bugun rediyo, siginar ƙamammen ɓangaren tana mutuwa cikin mikirosakan 10 zuwa 20, ta mai motsi kuwa tana jan ɗaruruwa. Ita kuma na'urar takan kurumce na kusan mikirosakan 10 bayan kowane bugu. Kafin ta buɗe kunne, mai taurin ya gama magana. Ni ma wata guda na yi ina auna rabin samfuri ina zargin maganadisu.

Maganinsa amsa-kuwwa. Ka yi bugu mai kusurwa 90, ka ɗan dakata, ka sake wani mai 90 da aka juya fuskarsa, siginar da ta ɓace sai ta taru a inda na'ura ke ji. Tazarar ta zama gajera iya yadda na'urar ta yarda. Ka tsawaita, ka koma gidan jiya.

Tsakanin maimaici ka jira ninki 5 na T1, wato lokacin da haidirojin ke ɗauka ta koma daidai bayan bugu. In wuta ta ɗauke a tsakiya, sai maganadisun ya koma zafinsa kafin ka sake, ko da kwana za a yi.

Sauran mai sauƙi ne. Ka yi CPMG, wato jerin bugu masu haifar da amsa-kuwwa a jere, don auna T2 (lokacin mutuwar sigina) na ɓangare mai motsi, ka ƙara zafi digiri 10-10, minti 15 a kowane mataki, ka zana T2 da zafi. Kada ka firgita in sarƙoƙin sun saki a zafin da ya wuce inda DSC (na'urar auna zafin da samfuri ke sha ko fitarwa) ta nuna, NMR motsi mai sauri take gani.