In kuɗin tallafi sun shigo, ga yadda za a juya su kar su bi ruwa

Wannan na masu noman ci ne, mutanenmu na ƙauyukan Daura, Zango, Baure, Sandamu, Mai'adua, da duk wanda ke da iyaye a can da sunansu ya shiga tallafin kuɗi. Wanda ya iya karatu ya karanta musu dan Allah.

A 2016 gwamnatin tarayya ta fara ba gidaje marasa ƙarfi naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a ba da 10,000, kuma galibi sunan matar gida ake rubutawa. Bayan cire tallafin mai a 2023 aka sanar da 25,000 a wata har wata uku, wato 75,000 kenan. Kowa ya san kuɗin nan ba za su fitar da mutum daga talauci ba a wannan tsadar, amma fa lokacin da suka shigo da abin da aka fara yi da su shi ne ke raba gidan da ya amfana da wanda sati biyu ya manta an ba shi wani abu.

Kafin komai a gyara takardu. NIN, asusun banki ko na waya, da layin da aka yi rajista da shi ya zama yana hannun mai sunan, ba a wayar ɗan maƙwabci da ya tafi ci-rani Legas ba. Shiga rajistar kyauta ce, duk wanda ya ce kawo dubu biyu in sa sunanka ɓarawo ne ko da babbar riga ya zo. Kar a ba kowa lambar sirri ta kati, kar a karanta wa wanda ya kira waya lambar da aka turo ta saƙo. Wajen mai POS kuma tsohuwa ta je da ɗanta ko jikanta, a tambayi caji tun kafin a sa kati, a ƙirga kuɗi a gabansa, a karɓi risit.

Sai maigida da uwargida su zauna tun kuɗin ba su zo ba su yanke abin da za a yi, don in suka riga suka shigo aljihu shawara ta ƙare, ga mai bin bashi, ga suna, ga ƙanin da babur ɗinsa ya lalace.

To yanzu duba watan da kuɗin suka shigo.

In da kaka suka zo, babban aikinsu shi ne su hana ka sayar da hatsinka. Mun san yadda ake yi, ana gama girbi bashi ya taso, mutum ya kai gero da wake kasuwa lokacin da kowa ya kai nasa farashi ya faɗi warwas, sannan da marka ya dawo yana awon tiya tiya da tsada, wani lokacin ma a hannun wanda ya saya daga gare shi. Ka biya ƙananan buƙatun da kuɗin tallafi ka bar damman ka a rumbu. Wake kuma a shanya shi ya bushe sosai a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, a ɗaure kowace leda daban iska kar ta shiga, ƙwari za su mutu da kansu ba sai an zuba maganin da ke cutar da mutane ba.

In da bazara ne, iri da taki. Kuɗin ba za su ishi takin da za a watsa wa gona duka ba, saboda haka kar a watsa. A yi irin dabarar da masu bincike suka gwada a Nijar, cikin murfin kwalbar lemo na takin zamani NPK a gindin kowane rami, a ɗan nesa da irin a rufe da ƙasa, a haɗa da takin gargajiya da aka kai tun rani. A jigawar nan tamu ta Daura wadda ƙasarta ta gaji, wannan ya fi a zuba rabin buhu a sama ruwa ya wanke.

In kuma tsakiyar damina ne, Yuli zuwa Agusta, wallahi a sayi abinci kar a ji kunya. Lokacin ne rumbu ke zama fanko, magidanci ya bar gonarsa ciyawa na ci ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo na tuwon dare, in ya dawo noman firi ya wuce shi, amfanin bana ya ragu, baɗi ma a sake maimaita haka. Kuɗin da suka tsayar da kai a gonarka kwana goma sun yi aikin jari ko da tuwo aka ci da su. A ware kaɗan na asibiti don lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, kuma in masu raba maganin rigakafin yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun zo gida gida a karɓa, kyauta ne.

Abin da ya rage, in ya rage, mata sun fi mu sanin inda za a sa shi. Jar akuya wata biyar take ɗaukar ciki, harawa da dusa na gida, amma a yi mata allurar rigakafi, kuma a sayi wadda aka ga tana ci tana tafiya garau ba wadda dillali ya yaba ba. Mutanen wajen Batsari, Jibiya da Safana su sun san halin da suke ciki da ɓarayin dabbobi, a can ni dai zan fi son a sa a ƙuli-ƙuli, man gyaɗa ko adashi da mutanen da aka yarda da su. Bashi kuwa wanda ke hawa ko wanda aka jinginar da gona a kansa shi ake fara kashewa.

Masu cewa in ka ba talaka kuɗi aure zai ƙara ko ya daina noma, binciken da aka yi a ƙauyukan Kenya bai nuna ƙaruwar sayen giya ko taba ba, abinci da dabbobi da rufin kwano aka saya. Nan kusa da mu a Jigawa da Zamfara an yi shirin ba mata masu ciki 3,500 a wata, aka ga abincin yara ya inganta.

Sai dai kar a ci bashi da sunan biya na gaba. A farkon 2024 an dakatar da shirin na ɗan lokaci, kuma da yawa sun samu kashi ɗaya suka daɗe suna jiran na biyu. In naka ya tsaya, ka je sakatariyar ƙaramar hukuma da katin NIN da layin wayarka ka nemi jami'in da ke kula da tallafin.