Yadda Mai Koyon Python Zai Gano Kuskure a Manhajarsa Ya Gyara Shi

Yawancin masu fara koyon rubuta manhaja da Python, da zarar sun ga jan rubutu ya bayyana a allon kwamfuta, sai su rufe shi da sauri su koma suna canza layuka ba tare da sanin inda matsalar take ba. Wannan ɗabi'a ce ya kamata a fara bari, domin saƙon da ya bayyana yana ɗauke da abubuwa uku masu amfani: irin kuskuren, lambar layin da aka tsaya a kai, da ɗan bayanin abin da ya faru. Ana karanta shi ne daga ƙasa zuwa sama, saboda layin ƙarshe shi ne yake faɗin sunan kuskuren, wanda ke bisansa kuma ya nuna wurin.

Idan sunan da ka gani SyntaxError ne, to manhajar ba ta ma fara aiki ba, domin Python ta kasa fahimtar tsarin abin da ka rubuta. Ka duba ko ka manta da ruwa biyu (:) a ƙarshen layin da ya fara da if, for, while ko def, ko ka buɗe baka ba ka rufe ba, ko kuma ka sa alamar = guda ɗaya a wurin kwatanta abu biyu, alhali == ake buƙata. A tsofaffin nau'o'in Python, idan aka bar baka a buɗe, saƙon yakan nuna layin da ke biye maimakon ainihin wurin, don haka idan layin da aka ambata ya yi maka kama da lafiyayye, ka duba na samansa. Tun daga nau'in 3.10 da ya fito a 2021 an gyara wannan, har saƙon yakan faɗi ƙarara cewa ba a rufe baka ba. Haka kuma wanda yake bin tsohon darasi zai iya cin karo da print ba tare da baka ba, wanda salon Python 2 ne da aka daina kula da shi a 2020.

Akwai wani tarko da ya fi kama mai rubuta saƙonni da Hausa. Idan ka rubuta print('Barka da zuwa jami'a'), hamzar da ke cikin kalmar za ta rufe zancen tun kafin ya ƙare, sai Python ta rasa yadda za ta yi da sauran. Maganinsa shi ne ka kewaye irin waɗannan jimloli da alamar zance mai ƙwaya biyu. Wanda kuma ya kwafo darasi daga Word ko daga wani saƙon waya ya lura, domin alamomin zance masu lanƙwasa da ake samu a can Python ba ta karɓarsu, dole a goge a sake buga miƙaƙƙu.

Kuskuren tazara, wato IndentationError, bai da wuyar gyara: ka riƙe sarari huɗu a kowane mataki, kada ka cakuɗa su da maɓallin Tab. NameError kuwa yana nufin ka kira sunan da Python ba ta sani ba, kuma sau da yawa bambancin harafi ɗaya ne ya jawo, kamar ka ajiye ƙima a cikin Jimla sannan ka nemi jimla. Python 3 tana yarda da ƙ, ɗ da ɓ a cikin suna, amma ɗalibai da dalibai sunaye ne mabambanta a wurinta.

Inda masu koyo suka fi ɓata lokaci shi ne wurin karɓar lamba daga mai amfani. Duk abin da input(), wadda ke karɓar abin da mutum ya buga, ta dawo da shi rubutu ne, ko da lamba mutum ya buga. Saboda haka idan ya buga 5 da 3 ka haɗa su, amsar da za ka gani 53 ce, ba 8 ba, idan kuma ka haɗa rubutun da lamba ta gaske sai TypeError ya fito. Ka mayar da shi lamba da int() idan cikakkiyar lamba ce, ko float() idan mai ɗigo ce, tun a layin da ka karɓe shi, amma ka sani cewa int() za ta ba da ValueError idan aka buga 3.5 ko kalma.

Kuskuren da ya fi haɗari, a ganina, shi ne wanda ba ya kawo wani saƙo ko kaɗan. Ga atisayen da aka saba bayarwa na fitar da matsakaicin maki:

maki = [60, 75, 48]
jimla = 0
for i in range(1, len(maki)):
    jimla = jimla + maki[i]
print(jimla / len(maki))

Manhajar za ta yi aiki lami lafiya ta buga 41.0, wanda kuma bai yi lissafin da hannu ba zai karɓi wannan amsa. Alhali jimlar makin 183 ce, matsakaicinsu kuma 61. Dalili shi ne Python tana fara ƙirga abubuwan cikin jeri daga 0, don haka farawa daga 1 ya tsallake 60. Wanda ya yi ƙoƙarin gyarawa ta hanyar ƙara 1 a ƙarshen range zai samu IndexError, domin jeri mai abu uku ba shi da gurbi na 3. Gyaran daidai shi ne range(len(maki)), ko ma a rubuta for m in maki a huta da ƙirga gurabe gaba ɗaya.

Hanyar kama irin wannan ita ce ka zaɓi ƙananan lambobin da ka san amsarsu tun kafin ka kunna manhajar, sannan ka sa print(i, jimla) a cikin zagayen, wato layukan da for take maimaitawa, ka zuba ido ka ga matakin farko da abin da ke allo ya saɓa wa abin da ke takardarka. A nan kuskuren yake, ko a layin da ya gabace shi. Ka canza abu ɗaya tak, ka sake kunnawa, domin idan ka taɓa wurare uku lokaci guda ba za ka san wanne ya gyara ba, wanne kuma ya ƙara ɓatawa. Idan print ta yi yawa, breakpoint() da aka shigo da ita a nau'in 3.7 tana tsayar da manhajar a layin da ka sa ta, ka tambayi ƙimar kowane suna.

Idan manhajar ta ƙi tsayawa, to akwai while da sharaɗinta ba ya taɓa canzawa, galibi don an manta da ƙara wa ma'aunin ƙirga 1 a cikin zagayen. Ka danna Ctrl da C tare, saƙon da zai fito zai nuna layin da take kai. Bayan ka gyara, ka gwada manhajar matsakaicin maki da jeri mai abu ɗaya, sannan da jerin da babu komai a cikinsa, wanda zai ba ka ZeroDivisionError har sai ka sa if da za ta duba tsawon jerin kafin a yi rabawa.