Yadda za ka haɗa ƙaramin taragon lantarki irin na Amurka da kayan bola

Tarago ne guda ɗaya tal, ba kan jirgi a gabansa, ba gawayi, ba hayaƙi. Injinansa suna ƙarƙashin daɓe, wuta kuma yana shan ta ne daga wata waya da aka miƙa a sama, ta hanyar doguwar sanda da ke kan rufinsa. Irin wannan tarago ne ya riƙa zirga-zirga tsakanin garuruwan Amurka bayan da wani injiniya mai suna Frank Sprague ya nuna a birnin Richmond a 1888 cewa lantarki zai iya jan taragon fasinja. Zuwa 1916 tsawon layukan ya haura mil 15,000, jihohin Ohayo da Indiyana ne kan gaba. Tafiyarsa irin ta Katsina zuwa Daura ce, yana tsayawa a ƙauyuka da bakin gonaki, in ya shigo gari kuma ya bi tsakiyar titi.

Ni aikin katako da ƙarfe nake koyarwa a nan Katsina. Tun da aka fara aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda ya biyo ta Daura da Katsina da Jibiya, yara ba su da zance sai na jirgi, shi ya sa na mai da wannan tarago aikin ƙarshen zango. Sharaɗina ɗaya ne, a haɗa shi yadda masu shi suka haɗa nasu, domin abin da aka ƙera tarago da shi shi ne ya yanke irin ƙarshen da ya yi.

Fara da hoto. Rubuta interurban, sunan irin wannan tarago da Turanci, a wayarka, ka haɗa da sunan Jewett ko Niles, kamfanoni biyu na Ohayo da suka yi suna wajen taragun katako. Nemi hoton da aka ɗauka daga gefe sosai, wanda tayoyi suka fito.

Sai awo. Ina amfani da 1 bisa 30, kuma marfin kwalbar lemo ne ya zaɓa mini, don tayar taragon gaske tana kusan santimita 90, in ka raba da 30 sai ta zo daidai da marfin. Tarago mai tsawon mita 16 zai zama santimita 53, faɗinsa kusan santimita 9, tsayinsa daga dogo zuwa rufi kamar 13. Yawancin layukan faɗinsu milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna, ba irin tsohon layin da ya ratsa Funtuwa mai milimita 1,067 ba. A wurinka tazarar dogo da dogo za ta zama santimita 4.8.

Kayan aiki ba sa buƙatar dogon bayani: guntayen filawud daga shagon kafinta, langa-langa, marafan kwalba 16, wayar tayar keke, sifirin na cikin biro, robar ɗaure kuɗi, wayar tagulla da aka fere, gam, dalma, da ƙaramin inji na tsohuwar motar wasa ko na'urar DVD. Wajen 'yan gwangwan ko masu gyaran rediyo za ka same shi da araha, amma ka sa a gwada maka da batir kafin ka biya.

Daɓen shi ne ginshiƙi, kuma nan nake so ka daɗe. Taragun farko kusan duk katako ne. Dogon katako mai mita 16 da aka ɗora a kan ƙafafu biyu masu tayoyi, ɗaya a kowane ƙarshe, dole tsakiyarsa ta lotsa in an kwana biyu. Maganin da suka yi shi ne rodi. Sai su ɗaure rodin ƙarfe a ƙarshen daɓen, ya sauko ƙasa ya bi ta kan wasu gajerun turaku biyu, ya koma sama a ɗaya ƙarshen, da noti a tsakiya wanda ake murɗawa. Kamar tsirkiyar baka ne, in ka ja ta sai itacen ya ɗago. Duba hotonka da kyau, za ka ga wasu taragun tsakiyarsu ta ɗan yi doro sama, aikin rodin ke nan. Kai ma ka yanke filawud mai santimita 53 da 9, ka manna turaku biyu masu tsayin santimita 1 da rabi a ƙasansa, ka ja waya biyu, hagu da dama. Yara suna son tsallake wannan mataki wai ba a ganinsa. Ba na yarda. Taragon katako maras rodi ƙarya ne.

Rauninsa ma a nan yake. In taragun katako biyu suka yi karo, ɗaya yakan kutsa cikin ɗaya har tsakiya, fasinjoji na ciki. Shi ya sa daga wajen 1910 zuwa gaba kamfanoni suka karkata ga ƙarfe. Jewett da Niles ba su kai 1920 suna ƙera tarago ba.

Ƙafafun biyu ne, kowace da gatari biyu da taya huɗu, kuma kowace tana juyawa a kan ƙusa guda domin taragon ya iya shan kwanar titin cikin gari. Lanƙwasa langa-langa ya zama kamar ƙaramin akwati maras murfi, ka huda ramukan gatari. Kowace taya marfi biyu ne: ɗaya yadda yake, shi zai hau dogo, ɗaya kuma ka buɗe shi da guduma ya baje, ka sa shi ta ciki ya zama leɓen da ke hana taya sauka. Kankare fentin marafan tas da samfefa, in ba haka ba wuta ba za ta wuce ba. A taragon gaske galibi kowane gatari da injinsa, huɗu ke nan. Kai ɗaya ya ishe ka, ɗaure shi a ƙafa ɗaya ka haɗa bakinsa da gatari da robar kuɗi.

Gangar jikin ita ce wurin gwaninta. Tagogin biyu-biyu suke zuwa, kowane biyun da baka guda a samansu, kuma a cikin bakan gilashi mai launi ne. Ledar alewa kore ko ruwan ɗorawa tana yin wannan aiki. Ciki kuwa katakon mahogani ne, ɗan'uwan maɗacinmu, an goge shi yana ƙyalli. Raba cikin gida biyu ko uku, domin akwai zauren fasinja, akwai ɗakin masu shan taba, wasu kuma da wurin kaya inda ake loda tulunan madarar manoma. Rufin hawa biyu ne, tsakiyarsa ta ɗaga da jerin ƙananan tagogi na shan iska, an lulluɓe katakon da tamfol an shafe da fenti. Tsohon ƙyalle da ka jiƙa da gam zai ba ka wannan kama. In lokacin hunturu kake aikin, shafa wa filawud fenti ciki da waje a rana ɗaya, don in ka shafa gefe guda kawai zai karkace kafin gari ya waye.

Yanzu wuta. Na gaske yawanci bolt 600 suke sha, wasu 1,200. Kai batir huɗu ko cajar waya mai bolt 5 ce iyakarka, kada wani ya kuskura ya kai wutar gida kusa da wannan aiki. Hanyar wutar ɗaya ce da ta gaske: daga batir zuwa wayar sama, ta sauko ta sanda zuwa inji, daga inji zuwa taya, daga taya zuwa dogo, dogo ya mai da ita batir. Daɗin wannan tsari shi ne dogayen biyu duk layi ɗaya suke, ba ruwanka da raba tayar hagu da ta dama. Yi dogon da langa-langa da aka kafa a tsaye cikin tsagar katako. Wayar sama ta zauna santimita 18 daga dogo. Sandar kuma wayar keke ce, ka lanƙwasa bakinta ya rungumi wayar, sifirin biro yana tura ta sama. Dole ta kasance tana jan baya, ba tana tunkarar gaba ba. Taragu da yawa sanda biyu gare su, in an kai ƙarshen layi sai kwandasta ya ja igiya ya sauke ɗaya ya ɗaga ɗayar. In naka ya tsaya cak, kafin ka zargi inji ka goge dogo, ƙurar Katsina ce sau da yawa.

Mataki na ƙarshe shi ne ka yanke shawarar a wane hali za ka nuna shi, yana aiki ko bayan ya yi ritaya. Mota ce ta fara ƙwace wa layukan fasinja: motar Ford mai araha ta fito a 1908, aka yi ta shimfiɗa kwalta, sannan karayar arzikin 1929 ta ƙarasa sauran. Kafin 1940 yawancin layukan sun rufe. Taragon katako da ya faɗa hannun masu sayen ƙarfe, sukan cire injina da tagulla, su kifar da shi su cinna masa wuta, in toka ta huce su tsince ƙarafan. Wanda ya yi sa'a kuma an cire masa ƙafafu an sayar da gangar, ta zama gidan zama, ko shagon abinci, ko akurkin kaji. Abin mamaki, waɗannan ne da dama suka tsira. Akwai wani mai suna Narcissus da aka ƙera a 1912 don layin Portland zuwa Lewiston a jihar Maine, har tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya hau shi a 1914. Da layin ya rufe a 1933 sai wani iyali suka mai da shi gidan hutu, yana nan har gidan tarihin Seashore, wanda aka kafa a 1939, ya karɓe shi a 1969. In wannan kake so ka nuna, cire ƙafafun da sandar, ka ɗora gangar a kan tubala, ka huda ƙofa a gefe, ka sa bututun murhu a rufi. A ganina wannan ya fi mai gudu koyar da yaro, amma yara ba sa yarda da ni.

Na ƙarfe da na alminiyom hanyarsu daban, don suna da sauran kuɗi a jikinsu. Jajayen taragun Pacific Electric na Los Anjalas, waɗanda suka daina ɗaukar fasinja a 1961, wasu an jibge su kan juna a tsibirin Terminal suna jiran yanka, wasu an sayar da su Ajantina suka ci gaba da aiki a Buenos Aires. Taragun alminiyom da kamfanin Brill ya ƙera a 1931 don wani layi kusa da Filadelfiya sun yi ta aiki har 1990. Jiragen Electroliner biyu na 1941, masu tafiya tsakanin Shikago da Milwaukee, da layinsu ya rufe a 1963 an kai su Filadelfiya, yau ɗaya yana gidan tarihin jiragen ƙasa na Illinois, ɗaya yana gidan tarihin Rockhill a jihar Pennsylvania. Layin Shikago zuwa South Bend kuwa har gobe yana aiki. In irin waɗannan ne suka burge ka, sai ka yi gangar da gwangwanin madara da aka baje, ka bar rodi, ka yi rufi mai hawa ɗaya, ka buga layin ɗigo-ɗigo da bakin ƙusa ta ciki don ya fito kamar kawunan ƙusoshin da aka ɗinke ƙarfen da su.

Ko wanne ka yi, cire robar daga gatari da batir daga mazauninsa kafin ka ajiye, don zafi yana narkar da robar ta manne. Na katako kuma kada ya kwana a ƙasa ko jikin bangon ƙasa, ɗora shi kan kanta saboda gara.