Yadda za ka fara sauraron Shin Jung-hyeon

A fadarmu ta nan Yamai ƙannena sun san BTS, ƙungiyar mawaƙan Koriya ta Kudu, amma ba su san dattijon da ya share musu hanya ba. Shin Jung-hyeon ke nan, makaɗin jita, haifaffen Seoul a 1938. In kana son saninsa, ga yadda nake sa mutane su bi.

Ka samu wifi ko ka bari sai dare, ka rubuta sunansa a YouTube da "Mi-in", waƙarsa ta 1974. Ka sa abin kunne, don lasifikar waya tana cinye bas. Jitar za ka bi tukuna, ka ƙyale kalmomin. Wanda kunnensa ya saba da Mdou Moctar ba zai ji baƙunci ba.

Daga nan ka nemi "Beautiful Rivers and Mountains" ta 1972, amma ka fara sanin labarinta. Gwamnatin Park Chung-hee, shugaban Koriya ta Kudu na lokacin, ta nemi ya yi waƙar yabon shugaba, ya ƙi, ya yabi koguna da duwatsun Koriya. A 1975 aka kama shi kan zargin wiwi, aka hana shi yin kiɗa a bainar jama'a har bayan mutuwar Park a 1979. Waƙar tana da tsawo, sai ka dafa shayi ka zauna; ni a ganina ita ce gwanar waƙoƙinsa.

Waƙoƙin da ya rubuta wa mawaƙa mata Pearl Sisters da Kim Choo-ja ka bar su ƙarshe, sun fi sauƙin shiga. Mai son kiɗa mai nauyi kuma ya nemi Sinawe, ƙungiyar ɗansa Shin Dae-chul.