Darasi na 9: Kabon da Ke Taruwa a Kan Bawul ɗin Inji

Duk wanda ya taɓa girki da ɗanyen itace ya san yadda gindin tukunya yake yin baƙi ƙirin, domin wutar da ba ta ci sosai ba hayaƙi da kunkunniya take bari. Haka abin yake a cikin injin babur da Keke Napep da mota, domin su ma wuta ce take ci a cikinsu. Baƙin dattin da take bari shi ne makanikai suke kira kabon, kuma bawul yana cikin wuraren da ya fi yi wa illa.

Bawul ƙarfe ne mai kama da ƙusa mai faffaɗan kai, aikinsa kuwa irin na ƙofa ne a saman silinda, wato ɗakin da wuta take ci a cikin inji. Iri biyu ne: na shiga, wanda yake buɗe wa iska da fetur hanya, da na fita, wanda yake sakin hayaƙi zuwa salansa. Kowane bawul yana buɗewa sau ɗaya idan inji ya juya sau biyu, saboda haka injin da yake juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, kowane bawul ɗinsa yana buɗewa ya rufe sau 25 a cikin daƙiƙa guda. Ƙofar da take irin wannan aiki, ɗan datti kaɗan ya isa ya hana ta rufuwa daidai.

Kabon yana da tushe biyu manya. Na farko baƙin mai ne da yake kutsawa inda wuta take ci, ko dai saboda ringin fistin (ƙarfen da yake hawa da sauka a cikin silinda) ya cinye, ko kuma robar da ke wuyan bawul ta bushe ta tsage. Na biyu shi ne fetur ya fi ƙarfin iska, kamar idan ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, ko an saita kafireta tana ba da mai fiye da kima. Gurɓataccen fetur da yawan barin inji yana aiki a tsaye suna ƙara wa abin tsanani.

Abin da nake so ku riƙe sosai shi ne yadda bawul ɗin fita yake rage zafinsa. Zafinsa yana iya kai digiri 700 a ma'aunin Salshiyas, kuma mafi yawan wannan zafi yana fita ne a ɗan lokacin da kansa ya zauna daram a kan mazauninsa. Idan kabon ya shiga tsakani, bawul ba zai zauna ba, sai wuta ta riƙa bi ta wannan 'yar kafa tana cin bakinsa. Na ga haka a babur ɗina bayan na yi watanni ina jin yana tari da safe ina ƙyale shi. Da makanike ya kwance kan injin, sai ya ɗora mini bawul ɗin a tafin hannu: wuyansa ya yi ɓawon baƙi mai tauri kamar ƙanzo, gefe guda na bakinsa kuma ya gutsire kamar ɓera ya ci. Ya ce, "Malam, wannan ya wuce gogewa, sai sabo."

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Inji yakan yi wuyar tashi, ya riƙa karkarwa idan yana tsaye, ƙarfinsa ya ragu a hawa, shan mai ya ƙaru. Shuɗin hayaƙi yana nuna baƙin mai ne yake ƙonewa, baƙin hayaƙi kuma fetur ne ya yi yawa.

Wajen gyara, makanike yakan cire bawul ya kankare kabon, sannan ya shafa man gogewa mai ɗan tsakuwa a bakinsa ya murza shi a kan mazauninsa har su dace, ya mayar ya saita tazararsa. Amma kada ku biya kuɗi ku tafi ba ku tambayi daga ina kabon ɗin ya fito ba, domin idan ringi ne ya cinye aka bar shi, kankarewar asarar kuɗi ce, cikin ɗan lokaci zai dawo. A ganina wannan tambaya ta fi ciniki a kan kuɗin aiki amfani.

Wasu motocin zamani suna fesa fetur kai tsaye cikin silinda, bai bi ta kan bawul ɗin shiga balle ya wanke shi, don haka maganin wanke kabon da ake zubawa a tanki ba ya kai wa ga wannan kabon. Ƙaramin janaretan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai kuwa ba shi da irin wannan bawul, nasa kabon a mafitar hayaƙi da salansa yake taruwa.

Kafin darasi na gaba, wanda yake da babur ko janareta ya jira injin ya huce, ya kwance filogi ya zo da shi aji, ya rubuta jimla biyu a kan launin bakinsa: ruwan ƙasa ne, ko busasshen baƙi, ko baƙi mai maiƙo.